Abin da zuwan taurari ya yi wa harkar katunanmu, da abin da ya yi wa ƙanena

Ina cikin waɗanda suka fara tara katunan Pokémon tun ba wanda ya san za a wayi gari ana gwanjonsu da miliyoyin daloli. Ga wanda bai san harkar ba, 'yan katuna ne na kwali, kowanne da zanen wata halitta daga wasan bidiyon nan na Japan. A Japan ɗin aka fara buga su a 1996, na Turanci kuma suka fito a Amurka a farkon 1999 ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. A rufe ake sayar da su cikin fakiti, ba ka sanin rabonka sai ka yage. Wasu wasa suke yi da su, mutum biyu su zauna kowa da katunansa sittin, wasu kuwa tarawa kawai suke yi har su cika jeri. Ni na haɗa duka biyun, kuma har yau ban daina ba.

Ni da ƙanena muka fara, da 'yan fakitocin da wani kawunmu ya ba mu. Jerin farko katuna 102 ne, 16 daga cikinsu masu ƙyalli, kuma sai ka buɗe kamar fakiti uku kafin ka ci karo da mai ƙyalli ɗaya. Wanda kowane yaro yake mafarkin samu shi ne Charizard, dodon nan mai fukafukai da wuta a bakin jela, lamba ta 4 a jerin, zanen Mitsuhiro Arita. A fagen wasa ba wani gwani ba ne. Kafin ka tara masa katunan ƙarfi huɗu da yake buƙata, mai riƙe da katin Hitmonchan, wata halitta mai saurin kai hari, ya riga ya yi maka illa, in kuma ya kai hari sai ka zubar da biyu daga cikin huɗun. Amma kyansa ya isa. Ba a fakiti muka same shi ba, ƙanena ne ya yi musayarsa da wani yaro bayan ya daɗe yana lallaɓa shi, domin tun yana ƙarami ya fi ni iya ciniki. Muka ce namu ne mu biyu, a wurina yake kwana saboda ni ne babba.

Da muka girma shi ya bar harkar. Ya yi karatu, ya kama aiki, ya yi aure, ya fara tara kuɗi don ya kafa sana'ar kansa. Mu da muka rage ba mu da yawa, ba mu da hayaniya. Mutane ne da za su iya raba dare suna gardama a kan wane mai zane ya fi iya zana ruwa, ko me ya sa bugun Japan ya fi na Turanci kyan takarda. Ana musaya ta gidan waya bisa amana. Farashi yana tashi, amma a hankali, yadda mai ƙaramin albashi zai iya ware wani abu duk wata ya cike gurbin da ya rage masa. A ƙarshen mako kuma ina koya wa 'yata da ƙawayenta da wasu 'ya'yan 'yan uwa yadda ake wasan.

Sai 2020 ta zo da annobar korona. Aka kulle mutane a gida, wasanni suka tsaya, yaran 1999 sun zama magidanta masu albashi da kewar ƙuruciya, gwamnatin Amurka kuma ta raba wa jama'arta tallafin dala 1,200 ga kowane baligi da ya cancanta. Itace ya riga ya bushe, ashana kawai ake jira. A watan Oktoban shekarar, Logan Paul, matashin nan ɗan Amurka mai miliyoyin mabiya a YouTube, ya buɗe kwali guda na bugun farko da ya saya a kan kimanin dala 200,000, kai tsaye duniya tana kallo. A cikin watan ne kuma mawaƙin gambara Logic ya sayi Charizard na bugun farko a kan kusan dala 220,000. Kafin mako ya zagayo wayata ta yi ƙara.

“Yaya, Charizard ɗinmu yana nan?”

Na ce yana nan.

“Ka kuwa san nawa yake yanzu? Gobe ina zuwa.”

Ya zo. Na ciro katin daga leda, muka sa shi ƙarƙashin fitila, na nuna masa abin da masu sana'ar suke dubawa. Na bugun farko yana da ɗan hatimi baƙi a gefen hagu, ƙasa da zanen. Namu ba shi da shi. Na bugun farko ba shi da inuwa a gefen dama na firam ɗin zanen. Namu yana da ita, wato yana cikin waɗanda aka buga da ɗimbin yawa daga baya. Na juya bayansa, gefunan shuɗin sun yi fari-fari saboda hannu, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe tun lokacin da muke ɗaure katunanmu da robar kuɗi, ƙyallin fuskar kuma in ka karkata shi za ka ga 'yan ƙarce-ƙarce. Na bayyana masa cewa kamfanoni irin su PSA da Beckett suna karɓar kati su duba daidaiton zanen a tsakiya da kusurwoyi da gefuna da fuska, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri. Wanda Logic ya saya maki 10 ne na bugun farko, irinsa a duniya ɗari ne da 'yan kai. Namu in ya yi sa'a ya samu 4.

Na zaci maganar ta mutu a nan. Ashe shi wani darasi daban ya ɗauka. Ya ce tun da kati ya lalace a hannun yara ne, to wanda ya sayi sababbi yau ya adana su da kyau, nan da 'yan shekaru shi ne mai kuɗi.

A lokacin ne sana'ar buɗe kwali kai tsaye a intanet ta bunƙasa. Mutum zai sayi kwali, ya sayar da fakitocin ciki ɗaya-ɗaya ga masu kallo, sannan ya buɗe su gaban kyamara, abin da ya fito a fakitinka a aiko maka. Ƙanena ya matsa sai na zauna mun kalli guda tare, domin ya sayi gurbi. Ba zan manta daren ba. Mai buɗewar yana sanye da safar hannu, bayansa kantoci cike da kwalaye, bakinsa bai huta ba. “Saura gurbi uku! Kwalin nan bai fitar da babba ba tukuna, yana ciki, na rantse yana ciki!” In mai ƙyalli ya fito sai ya miƙe tsaye yana ihu, a kaɗa ƙararrawa, saƙonni su riƙa gudu a gefen allo har ba ka iya karantawa. Da aka kira sunan ƙanena sai na ga ya matso gaba, ya dafe gwiwoyinsa, ya daina numfashi. Mutumin yana zare katunan a hankali da gangan, ɗaya bayan ɗaya, yana jan rai kafin na ƙarshe. Ba abin da ya fito. Cikin daƙiƙa biyu an wuce zuwa sunan wani. Ban gama buɗe baki ba na ga yatsansa ya danna sayen wani gurbin. Abin da na gani a fuskarsa a daren nan ba son kati ba ne, fuskar mai caca ce, kuma gabana ya faɗi.

Na yi ƙoƙarin yi masa lissafi da kwalin da ya ja hankalinsa tun farko. Kwali fakiti 36 ne. In mai ƙyalli ɗaya ne a kowane fakiti uku, masu ƙyallin kuma iri 16 ne, to damar ka samu Charizard a fakitinka kusan ɗaya ce cikin 48, sannan ko ya fito ba tabbas zai samu maki 10. Na kuma nuna masa abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, cewa Logan Paul ya sayar da fakitocin kwalin nan tun kafin ya buɗe su, kowanne sama da dala 11,000. A Fabrairun 2021 ya sake yin irinsa bayan ya sayi kwalaye shida a kan dala miliyan 2, wannan karon gidan gwanjo na Goldin ne ya sayar da fakitocin. Wato kasadar a wuyan masu saye take. Shi yana da kuɗin fakiti, yana da kuɗin tallan da ke kan bidiyo, sannan duk lokacin da ya ɗaga kati gaban kyamara, irin katin da ke ajiye a wurinsa yana ƙara daraja. Ko kwalin ya fitar da abin kirki ko bai fitar ba, shi ya ci, domin idon masu kallo shi ne hajarsa.

Ƙanena ya ce, “Yaya, kai ka tsaya a zamanin da. Wannan yanzu kadara ce.” Ya jero min hujjoji. Katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na 1952 an sayar da shi dala miliyan 5.2 a Janairun 2021. Katin ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan na 1986 ya kai dala 738,000. A watan Yuni Logan Paul ya shiga filin dambensa da Floyd Mayweather da Charizard rataye a wuya. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, shi ya sa gardama da wanda zuzutawa ta kama take da wuya. Ba da ƙarya ake ruɗar mutane ba, ana nuna musu kati ɗaya da ya yi tashin gwauron zabi ne, a yi shiru a kan miliyoyin da ba su kai kuɗin aika su ba.

Shekarar 2021 ita ce mafi muni da na gani a harkar. Masu saye don su sayar suka riƙa kwashe kaya daga kantuna tun kafin a jera su, su ninka farashi biyu ko uku a intanet. A Fabrairu McDonald's ya sa katunan cika shekara 25 na Pokémon cikin abincin yara a Amurka, manya suka riƙa sayen abincin da yawa don katin kawai. A ƙarshen Maris PSA ta dakatar da karɓar yawancin katuna saboda waɗanda suka taru mata sun fi ƙarfinta. A watan Mayu aka yi faɗa a kan katunan wasanni a wurin ajiye motoci na wani kantin Target a jihar Wisconsin har wani ya zaro bindiga, kamfanin ya dakatar da sayar da katunan a cikin kantunansa. Abin yara ne fa ake wannan a kansa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ya sauya yaran da nake koyarwa. Da in yaro ya samu sabon kati, tambayarsa ita ce me yake iya yi, wa zai iya kayarwa. Yanzu sai ya ce a duba masa a waya nawa yake. Wata yarinya ta ƙi yin wasa da katin da ta fi so saboda yayanta ya ce mata in ta taɓa shi zai rage maki. Musaya, wadda da ita yara suke koyon magana da haƙuri da sanin darajar abu a wurin wani, ta koma zargi da kuka da iyaye suna kirana wai an cuci ɗansu. 'Yata ta yi watanni ba ta samu fakiti ɗaya a farashinsa na asali ba.

Duk wannan lokacin ƙanena yana saye. Ya sayi kwalayen wani sabon jeri mai suna Shining Fates a hannun masu ninka farashi, saboda Charizard baƙi mai ƙyalli da ke cikin jerin. Ya tara katunan da yake ganin za su samu 10, ya aika ta hannun wani dillali a tantance su, ya biya kuɗin kowanne. Sai daga baya na san cewa kuɗin sana'ar da yake tarawa ya ƙare tun tuni, ya ci bashi a wurin abokin aikinsa, ya ci wani a wata manhajar ba da rance, kuma matarsa ba ta sani ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne injin buga kati ba ya barci. Tsohon Charizard ya yi tsada ne saboda ba za a sake buga 1999 ba, kuma yara sun lalata yawancinsu. Sabon kati kuwa kamfani yana ganin ana rububi zai ƙara bugawa, kuma haƙƙinsa ne. Kamfanin Pokémon ya buga katuna fiye da biliyan 9 a shekarar kasuwancinsa ta 2021 zuwa 2022 kaɗai. Kowa kuma yanzu daga fakiti sai leda, ba mai lalatawa. Da katunan ƙanena suka dawo bayan dogon jira, yawancinsu 9 suka samu, 'yan kaɗan da suka samu 10 kuma kowanne yana da dubban 'yan uwa masu maki ɗaya da shi. A 2022 tsadar rayuwa ta taso, Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa tun daga Maris, kuɗaɗen kirifto suka faɗi, waɗanda suka shigo don riba suka fara zubar da kaya a lokaci guda. Har katin Jordan ɗin da yake kafa min hujja da shi ya dawo ƙasa da rabin farashinsa.

A Janairun 2022 wani abu ya faru da nake yawan tunawa. Tun a Disambar 2021 Logan Paul ya sayi katan guda da aka ce kwalayen bugun farko ne a ciki a kan dala miliyan 3.5. Tsofaffin masu tara kati, irin mutanen nan marasa hayaniya, su suka fara cewa lambobin da ke jikin katan ɗin ba su yi daidai ba. Da aka buɗe a Janairun sai ga katunan G.I. Joe a ciki, wato na wasu sojojin wasan yara, ba na Pokémon ba. An ruwaito cewa wanda ya sayar masa ya mayar masa da kuɗinsa, bidiyon damfarar kuma miliyoyin mutane suka kalla. Bayan wata uku ya fito a babban taron kokawa na WrestleMania da Pikachu Illustrator a wuya, katin da aka raba wa waɗanda suka ci gasar zane a Japan a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya mallaka a kan dala 5,275,000, har Guinness ta ba shi shaida. A daidai wannan lokacin ƙanena ya buɗe wani tsohon kwali da ya saya a hannun wani a intanet, ya tarar an taɓa buɗe fakitocin an cire masu ƙyallin an sake liƙe su da zafi. Ya nemi mutumin, shafin ya ɓace. Ba wanda ya mayar masa da ko sisi, ba kuma wanda zai kalli bidiyon asararsa.

Ranar da ya zo ya faɗa min komai bai iya kallon idona ba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, “Yaya, katin nan rabinsa nawa ne.” Gaskiya ya faɗa, shi ya yi cinikinsa ma. Na sayar da Charizard ɗin tare da wasu tsofaffin katuna da na daɗe ina tarawa, wani mutum da yake neman cike jerinsa ya saya, bai ko tambayi maki ba. Kuɗin ya biya bashin manhajar, wanda shi ne mai cin ruwa. Na raka shi muka zauna da matarsa ya gaya mata da bakinsa. Wannan zaman ya fi sayar da katin wuya nesa ba kusa ba, kuma gidan ya daɗe bai dawo daidai ba.

Ba na cewa taurarin nan duk mayaudara ne. Logan Paul ya taso da Pokémon kamar yadda muka taso, buɗe kwalinsa na farko ma an tara kuɗi a ciki don wata ƙungiyar lafiyar ƙwaƙwalwa. Mawaƙi Post Malone, wanda aka ruwaito ya sayi wani kati guda ɗaya tilo na Magic: The Gathering, wani wasan katin daban, a kan dala miliyan 2 a 2023, an san shi da buga wasan da gaske. Akwai kuma waɗanda suka ci riba, musamman masu riƙe da abin da yake da ƙaranci na haƙiƙa da ƙarfin jira. Damuwata ita ce ba wanda yake gaya wa mai kallo cewa filin ba ɗaya ba ne. Labarin “an kafa tarihi” yawanci daga gidajen gwanjo yake fitowa, su kuma kamasho suke ci a kan kowane ciniki. A Agustan 2021 kasuwar intanet ta eBay ta hana PWCC, ɗaya daga cikin manyan dillalan kati, sayarwa a dandalinta bisa zargin ana sa tayin bogi don a ɗaga farashi. PWCC ya musanta. Amma farashin irin waɗannan gwanjo ne mutane irin ƙanena suke dubawa su yanke shawarar cin bashi.

Guguwar kuma ba ta wuce ba. A Satumban 2023 gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam ya fara raba wani katin Pikachu mai hula ga masu ziyara, masu neman riba suka yi ta turereniya har aka daina rabawa cikin 'yan makonni. A ƙarshen 2024 manhajar Pokémon TCG Pocket ta jawo sababbin mutane, a Janairun 2025 kuma jerin Prismatic Evolutions ya fito, aka koma gidan jiya: layi tun asuba, kokawa a kantuna, sababbin fuskoki a intanet suna ihu gaban kyamara.

Ƙanena ya kwaso ragowar katunansa, dubbai, waɗanda ba mai saye, ya kawo min. Da su nake haɗa wa yara katunan wasa yanzu, kuma na kafa doka cewa ba a duba farashi a teburin. Shi kansa ba ya zama in ana wasan. Har yanzu yana biyan abokin aikinsa kaɗan-kaɗan, sana'ar da ya so kafawa kuma tana jira. Ya taɓa ce min, “Yaya, har yau in na ji ƙarar yage fakiti a bidiyo sai hannuna ya fara ƙaiƙayi.” Muka yi alkawari duk ranar da ya ji haka zai kira ni kafin ya taɓa katin bankinsa. A makon da Prismatic Evolutions ya fito ya kira, wani ya turo masa bidiyon wani tauraro yana cewa wannan karon ba irin na da ba ne. Muka yi magana har dare ya raba, muka sake yin lissafin tare tun daga farko, bai saya ba.